Sarkin da Ya So Ladan Ruwa Shi Kaɗai

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai kwaɗayin lada kamar yadda wasu ke kwaɗayin nama. Ranar da ya ji mai wa'azi ya ce shayar da mai ƙishi babbar sadaka ce, murna ta hana shi zama a kan karaga. Ya sa aka haƙa rijiya a ƙofar fada, aka kuma yi shela cewa duk mai randar sadaka a ƙofar gida ya ɗauke ta, don kada ladan ya rarrabu. Kullum yana leƙe ta taga, da ya ga an sha sai ya tafa hannu ya yi ta dariya shi kaɗai har rawani ya karkace.

Ana nan sai aka gaya masa cewa wani tsoho mai gudun duniya, Malam Hamdunu, yana nan da randarsa a ƙofar gari, matafiya suna ta sha. Sarki ya hau da kansa don a fasa ta a gabansa.

Ya ce, "Malam, tun yaushe kake kwashe mini lada?"

Tsoho ya ce, "Ya sarki, shekara arba'in ina cika randar nan, ban taɓa leƙawa in ga ko da lada a ciki ba. Ruwa nake dubawa."

"Ba ka son Aljanna ne?"

"Ina roƙon Allah ita, amma ba da moɗa nake auna ta ba. In lada ne damuwarka, na ba ka na shekara arba'in ɗin, har da na gaba, kyauta. Ka dai bar mini randar."

Sarki ya diro daga doki, ya rungume tsoho, ya zagaye randa sau biyu yana rangaji, yana ce wa fadawa, "Kun dai ji da kunnenku, ku shaida." A ransa kuwa cewa yake ya sami garaɓasa wurin wanda bai san ciwon kansa ba.

Yana cikin wannan sai ga wata mata ta fito daga daji ɗauke da itace, leɓɓanta sun bushe. Ta dubi randa, ta dubi sarki, ta sunkuyar da kai ta wuce, alhali rijiyar fada da sauran tafiya. Sarki ya waiwaya, sai ya ga tsohon da ya kyautar da ladan shekara arba'in ko a jikinsa, yanzu yana hawaye saboda matar da bai ma san sunanta ba. Dariya ta ɗauke masa, kunya ta rufe shi.

Ya ɗebi ruwa ya bi ta da sauri, ya ce, "Baiwar Allah, tsaya ki sha."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai an hana."

Ya ce, "Wanda ya hana ɗin ne yake roƙonki."

Ta sha moɗa uku a tsaye, sarki yana riƙe mata da kayan itacen. Kafin ya koma fada ya sa aka yi shela kowa ya fito da randarsa, ya ce wa fadawa, "Sarkin da ya bar talakansa da ƙishi don ya gyara lahirarsa, zalunci ya yi, ko da ya sa masa rigar ibada."