Magimfa a Tafkin Kan Dutse

An yi wani manomi mai suna Kefas, wanda aka haifa a bakin kogi amma aure ya kai shi kan dutse. Ya auri Afiniki, 'yar wani dattijo da ake kira Baba Zakka, dattijon kuwa ya yanka masa gona kusa da tasa ya ce ya zauna. Kefas ya zauna. Ya koyi noman acca, ya koyi jera duwatsu don tare ƙasar gona, har ya koyi shan gwate ba tare da ya yamutsa fuska ba, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin da ya tashi da romon kifi.

A can saman dutsen, bayan an wuce gonaki na ƙarshe, akwai wani tafki. In kana ƙasa ba za ka san da shi ba. Sai ka hau har numfashinka ya fara sarƙewa, sannan ka gan shi kwance a cikin rami kamar ruwa a tukunya, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Ba rafin da yake shiga cikinsa, ba wanda yake fita. Daga ƙarƙashi yake ɓuɓɓugowa, ruwansa sanyi ƙalau ko da tsakiyar bazara. An ce kakannin garin sun taɓa haɗa igiyoyinsu duka, suka ɗaura dutse, suka zura daga kan wani falalen dutse da ya leƙa ruwan. Igiya ta ƙare, dutsen bai taɓa ƙasa ba.

Amma ga abin da baƙo ba ya saurin ganewa: duk wannan zurfin, ba kowa a cikinsa. Can ƙasa duhu ne da sanyi, ko kwaɗo ba ya leƙawa. Duk abin da yake da rai a tafkin a baki yake zaune, musamman a wani ɗan lungu ta wajen gabas, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kacalla da bado suka yi duhu. Nan zalɓe yake tsayawa da ƙafa ɗaya, nan agwagin ruwa suke ƙyanƙyasa, nan karen ruwa yake kiwon 'ya'yansa. Birai sukan gangaro su sha da hantsi, rema kuma tana shan rana a kan duwatsu tana kallonsu. Akwai kuma wani kifi baƙi mai jan wutsiya, ɗan'uwan karfasa, wanda mutanen garin ba su taɓa ganin irinsa a wani ruwa ba.

Da ruwan farko ya sauka, kifin nan kakaf yakan taru a lungun don ya zuba ƙwai. A lokacin ne Baba Zakka yake hawa da sanda, ya kafa ta a bakin lungun, ya ɗaura mata dunƙulen ciyawa. Sai a ce an ɗaure tafki. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya har sai an yanke acca. Ɗaurin nan gadon gidan Baba Zakka ne tun kaka da kakanni, da shi aka san su, da shi ake girmama su. Dokar kuwa ba ta da wasa. In ɗan gari ne ya karya, ubansa ne zai ɗauki laifin a gaban jama'a. In baƙo ne, a haɗa masa kayansa a raka shi gangare, kada ya ƙara hawowa. Kefas dai, duk daɗewarsa, har yanzu baƙon Baba Zakka ake ce da shi.

Ana nan sai Afiniki ta haifi 'ya mace a farkon damina, aka sa ranar da za a miƙa ta a majami'a. 'Yan'uwan Kefas suka aiko daga bakin kogi cewa suna tafe, wansa Filibus ne zai jagorance su. Filibus mutum ne mai baki, ba ya nufin mugunta, amma in ya tsokane ka sai ka kwana kana jin zafin. Tun ranar bikin auren Kefas, Filibus ya ce masa a gaban mutane, "Kai ƙane, ɗan kogi guda ka koma cin tsabar ciyawa a kan dutse?" Kowa ya yi dariya ya manta. Kefas bai manta ba.

Sai ya fara shawara da zuciyarsa, kun kuwa san zuciya ba ta rasa hujja in tana son abu. A gefen gonarsa akwai magimfa da ya shuka ta zama shinge, wato wani ɗan itace da in aka daka ganyensa aka zuba a ruwa, kifi yakan bugu ya taso sama. A garinsu haka ake yi. A zuba a gurbin kogi da safe, a kwashi abin da za a kwasa, kafin yamma ruwa ya wanke komai ya wuce da shi. Kefas ya ce a ransa, “Kogi ma da ake tsallakewa da ƙafa yana shanye magimfa, balle ruwan da ba a san ƙarshensa ba? Kwando ɗaya kawai nake so, in wanke fuskata a gaban Yaya. Wa zai sani?”

Ana gobe taro, ya tashi tun raɓa ba ta bushe ba, ya daka ganyen a bayan gona, ya hau. Gajimare yana kwance a kan ruwan. Ya wuce sandar surukinsa yana kawar da kai, kamar sandar tana da ido. Ya shiga lungun, ya juye ganyen, ya dama ruwan da ƙafa.

Ba a jima ba kifi ya fara tasowa. Kefas ya yi murna, ya shiga cika kwando. Kwando ya cika, kifi bai daina tasowa ba. Manya suka taso, matsakaita suka taso, sannan ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba suka rufe fuskar ruwan fari fat. Ya tsaya yana jiran ruwa ya tafi da dafin kamar yadda ya saba gani. Ina ruwan zai tafi? Iska ma da ta taso, cikin lungun ta riƙa turo shi. Murnar ta koma ciki. Ya ɗauki kwandonsa yana waige-waige, ya tsaya a bayan wani dutse ya yanke jajayen wutsiyoyin duka ya binne.

Da baƙi suka iso da yamma, ya ce wa matan da za su yi girki 'yan'uwansa ne suka zo da kifi. Ya ce wa 'yan'uwansa kuma, yana ɗaga kafaɗa, “Mu ma nan muna da ruwa.”

Kashegari aka miƙa yarinya, aka dawo gida cin abinci. Kefas ya yi dabara, ya shimfiɗa wa baƙinsa tabarma a wannan inuwa, ya kai surukinsa da dattawan gari waccan. Ya manta cewa Filibus, duk surutunsa, mutum ne mai ladabi, ba zai ci ya tashi bai gai da manya ba. Sai ga shi ya taho yana suɗe yatsa, ya durƙusa a gaban Baba Zakka, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

“Baba, na janye maganata! Ashe kuna da kifi haka a dutsen nan? Ƙanena ya ce jiya jiyan nan ya kamo shi a tafkinku. Ga maiƙo, ga ƙwai cike da ciki!”

Dattawa suka daina ci. Baba Zakka yana riƙe da yankan kifi ɗaya a hannu. Ya dube shi, ya mayar cikin kwano a hankali, ya wanke hannu. Bai dubi Kefas ba. Ya ce, “Allah ya raya yarinya,” ya tashi ya tafi, dattawa suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Kefas ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Da dattijon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya shiga ɗaki ya tarar da Afiniki tana shayar da jaririya, hawaye yana zuba a kan zanen goyo. Ta ce, “Maigida, in sun kore ka, ni in bi ka ne in bar Baba, ko in zauna in bar ka?” Kefas ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, kunya ta hana shi ko ba ta haƙuri.

Da gari ya waye, sai ga Baba Zakka a ƙofar gida da kwanduna a hannu. Ya ce, “Kefas, taso mu hau.”

Tun kafin su ga ruwan wari ya tarye su. Lungun ya cika da kumburarren kifi, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Agwagin ruwa sun tashi sun bar wurin. Mutanen gari sun riga sun taru, maza da mata, ba mai magana da ƙarfi, sai wata tsohuwa da take kuka kamar an yi mata mutuwa. Kefas ya tsaya a bayan surukinsa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

Wani dattijo daga gidan da yake ƙasan majami'a ya ce, “Zakka, doka a bakinka muka ji ta. Baƙo ne. A raka shi gangare.”

Baba Zakka ya ce, “Ba baƙo ba ne. Ɗana ne.”

Aka ce, “Ka san abin da kake faɗa?”

Ya ce, “Na sani.”

Sai ya je ya tumɓuke sandar, wadda ubansa ya miƙa masa, wadda kakansa ya miƙa wa ubansa, ya sa ta a hannun dattijon nan. Gidan da ya karya ɗauri ba ya ƙara ɗaurewa. Sannan ya cire hularsa, ya durƙusa a cikin taɓo, tsoho mai furfura, a gaban mutanen da ya ga haihuwar da yawansu, ya ce, “Gidana ya yi muku laifi. Ku gafarta mana.”

Nan fa Kefas ya kasa daurewa. Ya faɗi a gabansa yana kuka yana cewa, “Baba, tashi, don Allah tashi! Ni na yi, ba kai ba. Bari su kore ni, ya fi mini da in ga gwiwarka a ƙasa.”

Baba Zakka ya dafa kafaɗarsa ya miƙe da ƙyar. Ya ce, “In ka tafi, wa zai taya ni kwashe wannan kafin ya kashe ɗan abin da ya rage? Ɗauki kwando ka shigo ruwa.”

Suka shiga, suruki da suruki, suna kwasar ruɓaɓɓen kifi da hannu suna kaiwa bayan dutse suna binnewa. Jama'a suka tsaya suna kallo. Can sai tsohuwar nan ta share hawaye ta ɗaura ɗamara ta shigo, wasu suka biyo ta. An yi shekaru kafin mai jan wutsiya ya sake yawa a tafkin. Kefas ya tsufa a garin, ba wanda ya ƙara ce masa baƙo, sandar kuwa ba ta ƙara komawa gidan Baba Zakka ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Tafkin nan shi ne zaman da Allah ya ba mu tare, a gida da cikin ikilisiya. Magimfa ita ce zunubin da muke rainawa, wanda mukan ce ai ɗan kaɗan ne, ai a garinmu kowa yana yi. Mukan dubi zurfin haƙurin Allah da yawan haƙurin mutane mu ce za su shanye. Amma dafin ba can cikin zurfi yake sauka ba. A baki yake tsayawa, inda masu rai suke, a kan matarka, a kan 'ya'yanka, a kan maƙwabcin da ya amince da kai. Ƙananan kuwa su suke fara tasowa. Ku lura kuma, ba yunwa ce ta kai Kefas tafki ba. Tsoron dariyar wansa ne. Ya gudu daga ƙaramar kunya ya faɗa cikin babba. Mu nawa ne a nan muka yi ƙarya, ko muka taɓa abin da ba namu ba, don kawai kada a raina mu a wurin biki? Ni ba na son in ɗaga ido in dube ku, gama ni da ku duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Baba Zakka kuwa yana nuna mana Ubangijinmu Yesu, ko da yake ba mutumin da ya isa a gwada shi da shi. Mu baƙi ne masu laifi, hukuncinmu kora ne. Shi ya tsaya a gaban kowa ya kira mu 'ya'yan gida, ya san kuma abin da kalmar za ta ci masa. Ya ajiye girmansa, ya ɗauki wulakancin da yake namu.

Saura kai da ka zo yau da abu a zuciya. Kunya iri biyu ce. Akwai wadda take cewa ka yanke wutsiya ka binne, ka yi wa wannan ƙarya ka yi wa wancan, in asiri ya tonu ka tattara kayanka ka daina zuwa sujada. Wannan ba ta taɓa gyara komai ba, kuma girman kai ne ya sake riga. Akwai kuma wadda take sa mutum ya yarda an biya masa abin da ba zai iya biya ba, ya sa hannu a cikin ɓarnar da ya yi, ko da tana wari, ko da ana kallonsa. Kada ka ce sai ka daina jin kunya za ka je. Da kunyar taka za ka je. Ka san gidan da ka ɓata wa, ka san hanyarsa. In an tashi daga sujada, kafin ka ci abincin rana, ka bi ta can.