Ƙofar Gwanki

A zamanin da, tun ba a san ganuwa a ƙasar nan ba, aka yi fari na shekara uku, har kuka ta daina toho. A cikin farin nan ne wani maharbi, Tunau, ya yi kwana biyu a daji goransa ƙayau. Tunau na Kande, kibiya ɗaya nama biyu!

Yana cikin wannan hali ya hangi gwanki a busasshen rafi. Ya ɗana kibiya, sai ya ga dabbar tana tonon yashi da kofato. Ruwa ya tsattsafo. Tunau ya sauke baka, ya jira ta sha, sannan ya durƙusa ya sha. Nan take ya rantse ba za a zub da jini a bakin ruwan nan ba, ba kuma za a hana mai rai sha ba. Mutane suka ji labari, suka zo suka kafa bukkoki.

Ana nan sai ga wani mayaƙi, Barmo, da dawaki arba'in. Ya kewaye ruwan da shingen ƙaya, wai namun daji suna gurɓata wa dawakinsa ruwan sha. Ka ji mutum! Jiya-jiya ya zo.

Tunau ya tsaya gabansa ya ce, "Ruwan nan ba gadon ubanka ba ne, ba kuma na ubana ba."

Ya kama ƙayar da hannu yana fizga, jini na zuba. Barmo ya sa aka ɗaure shi a gindin marke, aka gyara shinge.

Namun daji suka yi cirko-cirko a bayan ƙaya. Abin da Barmo bai sani ba, kofatonsu ne ke buɗe idon ruwan kullum. Kwana huɗu yashi ya shafe shi. Dakaru suka haƙa nan, suka haƙa can, ko laima babu. Dawaki suka fara faɗuwa, yara suna kuka babu hawaye.

Barmo ya zo gindin marke, murya ta dushe. "Maharbi, nuna mana idon."

Tunau, leɓe duk a tsage, ya ce, "Ba ni na tona ba. Je ka buɗe wa mai shi."

Girman kai rawanin tsiya. Barmo da hannunsa ya janye ƙayar. Gwanki ya shigo, ya shinshina, ya kafa kofato, ruwa ya taso.

Har yau rijiyar garin Tunau ba a yi mata katanga ta gabas. Ƙofar Gwanki ake kiran wurin. Gugan farko kuwa a komin dabbobi ake juye shi, ko da sarki ne ke tsaye da ƙishi.