Jinin Dattijo da Jinin Bencin Baya

Akwai wani a cikinku da ya zauna a gaba yau da farar riga, da wani ɗan'uwa ya zo zama kusa da shi sai ya tattare rigar ya matsa. Na gan shi. Ba zan kira suna ba, amma misalin nan nasa ne.

Akwai wani mutum, manomin ayaba a bakin kogi, dattijon ikilisiya kuma. Ba ya shan burkutu, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Mu jininmu mai tsabta ne." Shi ne ya kafe sai da aka mai da wani masunci, Habila, bencin baya, inda waɗanda ikilisiya ta hukunta suke zama, don an gan shi da ƙwaryar burkutu ran kasuwa.

Ana nan sai matar dattijon, Liyatu, ta haihu, jini ya ɓalle mata. Habila ne ya haye da su asibiti a kwalekwalensa. Nas ta fito ta ce, "Baba, jini leda ɗaya muke nema yanzu-yanzu. Irin jininta babu a ajiye."

Habila, ƙafa duk laka, ya naɗe hannun riga. "Baba, ga ni. Sun taɓa ɗiban nawa, sun ce yana shiga kowa."

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "A ɗura wa matata burkutu? Kama hanyarka, kifi na jiranka."

"Baba, wata huɗu rabona da ita."

"Na ce tafi!"

Habila ya warware hannun rigarsa, ya tafi.

Dattijo ya miƙa nasa hannun. Mai gwaji ya ɗiga jinin a ɗan gilashi, ya sa a madubin likita, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ba za mu ɗauka ba. Akwai tsutsa."

"A jikin wa? Ka san da wa kake magana?"

"Zo ka sa ido da kanka."

Ya sa ido. Ga su nan sirara kamar zare, suna ta wutsil-wutsil a cikin jini mai tsabta.

Mai gwaji ya ce, "Cizon ƙananan ƙudajen lambu ne. Mutum sai ya yi shekaru da su bai sani ba. Kai za a duba ka daga baya, Mama ce ba za ta jira ba. Ina mutumin ɗazu?"

Dattijo ya ruga bakin kogi, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Kwalekwale ya yi tsakiyar ruwa. Ya yi ta ihu, "Habila! Ɗan'uwa!" Ranar ya fara kiransa haka. Habila ya juyo, amma kafin su isa an lulluɓe Liyatu.

Wajen biso dattijo ya ce wa masu gaisuwa, "Ba a sami jini ba." Habila yana riƙe da shebur, yana ta zuba ƙasa a kabarin. Ran Lahadi ya koma bencinsa na baya.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Jinin nan adalcin kanka ne, wanda kake yi mana taƙama da shi. Tsutsa kuwa zunubin da ba ya wari ne, ba ya sa tangaɗi a hanya: girman kai da rena ɗan'uwa. Mashayi kowa ya san cutarsa, har shi kansa. Kai taka tana iyo a ciki, kana ta rera waƙa a bencin gaba. Madubin shi ne Maganar Allah, wadda kake haska wa kowa ban da kanka. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba kai kake fara mutuwa ba, na kusa da kai ne. Jini ɗaya tak aka taɓa samu ba aibi, na Yesu Almasihu, shi kuwa bai tambayi bencin kowa ba kafin ya bayar.

Wanda ya ce nasa ba tsutsa, ya tashi tsaye yanzu, ya naɗe hannun farar rigar nan, ya ce ƙarya nake yi.