Ranar da Aka Toshe Ramuka Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kura ce ta tara karnukan daji suna kai wa dabbobi hari. Abin da suka kwaso sai ta kai wa Gafiya ajiya. In ta haye kogi, Burgu ɗan'uwan Gafiya ya ba ta madadinsa, ta ciyar da mayaƙanta.

Zabuwa, wadda aka cinye wa 'ya'ya, ta sa aka toshe ramin Gafiya. A banza. Kura ta ci a ƙetare, kafin a waiwayo Gafiya ta haƙa sabo.

Sai Zabuwa ta haɗiye fushi ta haye wurin Ɓauna, sarauniyar ƙetare, wadda ba sa ga-maciji da ita tun rikicin mashaya.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, a ƙasarki Kura ke ƙoshi."

Ɓauna ta hura hanci. "Burgu ɗan kasuwa ne, bai taɓa cizon kowa ba."

"Shi ke wasa wa masu cizon haƙora. Ɗan maraƙinki da ya ɓace bara fa?"

Sai Ɓauna ta ce, "Sa rana."

Rana ɗaya aka toshe ramukan biyu, na Gafiya da na Burgu, aka zauna a kai. Kura ta je nan, babu; ta haye can, ƙahon Ɓauna.

Karnuka suka ce, "Uwar ɗaki, ina kalaci?"

"Ku yi haƙuri."

"Ke ki ci haƙurin." Kowa ya kama gabansa.

Damina na faɗuwa Zabuwa ta yi ƙwai a fili, ta kwanta a kai har barci ya kwashe ta.

Ƙurunƙus kan ɗan burgu.