Ɗan Ƙaramin Fayil ɗin da Ake Gogewa

"Wai Baba, wannan ɗan ƙaramin fayil da ke biyo babban, na mene ne? Ni dai kullum goge shi nake."

Akwai wata matar mai gyaran kwamfuta da ta ji wannan tambaya tana zaune a bayan kanta. Wata takwas da aurenta, amma duk layin masu gyara Amarya suke ce mata. Kullum da rana takan kawo wa mijinta abinci, ta zauna a kan benci ta jira ya gama. Karatunta bai yi nisa ba, kuma ba ta sa baki a hirar maza. Kunnenta dai ba ya barci.

Mai tambayar Dogo ne, maƙwabcin shagonsu. Wanda aka tambaya kuwa Baba Mai Rediyo ne, tsohon da ya riga kowa zama a layin.

Baba ya ce, "Shaida ce, ɗana. Kamfanin da ya yi manhajar ya auna ta, ya fitar da wata doguwar lamba, ya rubuta a ciki. Kai ma in ka sauke, sai ka sa kwamfutarka ta auna. In lambar ta zo ɗaya, kaya lafiya. In ta saɓa, ko ya yanke a hanya, ko wani ya sa masa hannu."

Dogo ya tuntsire da dariya. "Baba ke nan! Kwastoma na tsaye a kaina, ni ina ƙirga haruffa?"

Al'adar layin ke nan. Saboda intanet ɗinsu tafiyar hawainiya yake, mutum ɗaya ke sauke manhaja, sai ta yi ta yawo daga filashi zuwa filashi. Ba wanda ya san hannu nawa ta bi, ƙaramin fayil ɗin kuwa tun a hannun farko yake ɓacewa.

Bayan mako biyu wani tela ya zo, an ɗauko masa kan injin ɗinkinsa na kwalliya, irin mai kwamfuta a ciki. Injin ya fara tsallake zane, an ce sai an sabunta manhajarsa. Mutum shida ke cin abinci a ƙarƙashin wannan inji, kuma shi kaɗai gare shi.

Tela ya ce wa mijin Amarya, wanda ake kira Injiniya, "Don Allah ka bi shi a hankali. An gaya mini in aka zuba masa abin da ba daidai ba, ƙwaƙwalwarsa mutuwa take, kuma ba a samun irinta a nan."

"Kwantar da hankalinka," in ji Injiniya. "Minti goma ne."

Ya leƙa shagon Dogo ya karɓo filashin da ke ɗauke da manhajar injin. Tela ya fita amsa waya. Injiniya ya miƙa hannu zai jona, sai ya ji murya ƙasa-ƙasa a bayansa.

"Maigida, ka auna shi?"

Ya waiwayo. "Na auna me?"

"Lambar nan da Baba ya ce."

Dogo na jingine a bakin ƙofa. Ya tafa hannu. "Kai! Ashe injiniya biyu ne a shagon nan. Amarya, yaushe aka ba ki satifiket ba mu sha biki ba?"

Kunya ta rufe ta. Ta sunkuyar da kai. Amma ta matso, ta ɗora tafin hannunta a kan filashin da ke kan tebur, ta bar shi a wurin.

Injiniya ya haɗe rai. "Ɗauke hannunki."

"Zan ɗauke. Amma in ya mutu a hannunka fa? Ka auna, in ya yi daidai, wallahi ba zan sake cewa komai ba."

Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a waje ba. Ya ja tsaki, ya buɗe shafin kamfanin, don dai ya rufe mata baki. Ƙaramin fayil ɗin ya sauka kafin ƙiftawar ido. Layi uku ne a ciki, kowace irin kwamfuta da nata, kowane layi doguwar lamba ce sai sunan manhajar a gefe.

Ya sa kwamfutarsa ta auna fayil ɗin Dogo. Lamba ta fito. Ya dube ta, ya dubi layin da ya dace da tasa. Ko kama ba su yi ba.

Dogo ya ce, "Ai haka suke yi. Wataƙila na wata kwamfutar ce. Zuba kawai, mutumina."

Injiniya ya fara gyaɗa kai. Amarya kuwa ta ɗauko fensir da bayan wani kwali. Ta kwafe lambar da ta fito, harafi bayan harafi, leɓenta na motsi. Sannan ta ɗora yatsa a kan allo ta bi layi na farko, ta bi na biyu, ta bi na uku.

Ta ce, "Ba ta cikin ukun. Duk na bi."



Injiniya ya zare filashin ya miƙa wa Dogo. "Ungo. Kar ka zuba wa kowa wannan."

"Mata sun karɓe shago," in ji Dogo, ya fice.

Sauke na gaskiyar ya ci awa uku. Tela ya dawo ya ga ba a fara ba, ransa ya ɓaci.

"Minti goman ke nan? Ina da kayan mutane a jibge!"

Injiniya ya yi ta ba shi haƙuri, yana share gumi. Sau biyu intanet ya yanke, sau biyu ya harari Amarya. Abinci ya huce a kula. Ita dai tana kan bencinta, kwalin na hannunta, ba ta tafi gida ba.

Da ya gama sauka aka auna. Wannan karon Injiniya da kansa ya ce, "Zo ki duba." Yana karantawa, tana bi da yatsa, har harafi na ƙarshe. Daidai.

Aka zuba. Injin ya yi ƙara, ya kunna fitilarsa, ya zana fure a kan ƙyallen gwaji ba tare da ya tsallake zare ɗaya ba.

Kwana huɗu bayan haka layin ya cika da hayaniya. Dogo ya zuba wa injin wani mutum fayil ɗin nan, injin ya ɗauke wuta bai sake farfaɗowa ba. Mai injin ya zauna a ƙofar shagon ya dafe kai, Dogo ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Labari ya kai kunnen Tela. Ya zo da sauri, ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu a gaban jama'a.

"Ka yafe mini faɗan da na yi maka. Ashe ceto na kake yi! Daga yau duk telan da na sani, nan zan turo shi."

Injiniya ya buɗe baki zai ce Amarya ce ta cece shi, ya juya wajen benci. Amarya ta girgiza masa kai a hankali, ta ci gaba da haɗa kwanuka.

A hanyar gida ta biya ta wajen yayarta. Yayar ta dube ta ta ce, "Ke kuma murmushin me kike yi ke kaɗai?"

Maganar ta zo mata har baki. Sai ta tuna yadda Tela ya riƙe hannun mijinta, da mutum shidan da suka koma bakin aikinsu. Ta ga wannan ya ishe ta.

"Ba komai, Yaya," in ji ta. Ta ƙudurta a ranta ba za ta faɗa wa kowa ba.

Darasi: Kar gaggawa ta sa ka tsallake binciken da zai tsare amanar wani, kuma kar ka raina mai tunatar da kai don yana ƙasa da kai a ilimi. Duk abin da ka sauke, ka auna shi da shaidar masu shi kafin ka zuba. Ku tura wa masu gyara da duk wanda ake ba amanar kayan mutane.