Tsohon da Yake Nuna wa Mutane Hanyar Likitan Ido

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake daidai inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi kasuwa, ɗaya kuma ta haura tudu zuwa garin da wani likitan ido yake zaune. A zamanin ƙarfinsa babu wanda ya fi shi noma a wannan yanki. Amma da shekaru suka tura, sai yanar ido ta soma rufe masa gani. Da fari ya daina gane fuskar mutum daga nesa. Daga baya ya kasa bambanta ciyawa da dawa, har wata rana ya nome shukarsa da hannunsa bai sani ba. Tun daga ranar nan matarsa ta karɓi fartanya, gama 'yarsu ɗaya ce, Tabita, tana kuwa aure a wani gari mai nisa.

Ɗan haske kaɗan ne ya rage masa. Yakan san gari ya waye, yakan san rana ta faɗi, in mutum ya gifta ta gabansa yakan ga kamar inuwa. Sai ya koma zama a gindin ɗorawar da ke ƙofar gidansa, yana tufka igiyar rama.

Kullum akwai masu wucewa, wani yana jan mahaifinsa da sanda, wata ta riƙo hannun kakarta. Sukan tsaya su ce, "Baba, ina hanyar gidan likitan ido?"

Shi kuwa yakan ajiye igiya ya ce, "Ku bi ta dama ku haura tudu. In kun ƙetare rafi za ku ji maƙera suna bugu, gidan yana bayansu. Kada ku ji tsoron kome, mutumin nan ya san aikinsa, ba ya kuwa korar kowa."

In sun komo suna gani, sai su tsaya su gode masa, su ba shi labari. Ta haka ya san yadda likitan yake wanke hannu, da yadda yake magana a hankali, da yadda yake naɗe idanu bayan aiki. Ba kuwa ƙarya yake yi ba sa'ad da yake yabonsa. Da zuciya ɗaya ya yarda likitan yana buɗe idanu, in wani ya yi gardama ma har ransa yakan ɓaci.

Wata rana matarsa ta ce masa, "Maigida, kai da kake ta tura mutane, yaushe za ka tura kanka?"

Ya ce, "Bari a gama shuka tukuna, Uwar Tabita."

Da aka gama shuka ya ce a bari a gama girbi. Ta kuwa san abin da yake ransa, shi ya sa ba ta matsa masa ba. Shekarun baya wani mai yawon magani ya taɓa soke idanun wan tsohon a bakin kasuwa, ɗan hasken da yake da shi ma ya tafi, ya mutu cikin duhu. Tsohon yakan ce a ransa, "Wannan ɗan hasken dai nawa ne. In na kwanta a hannun wani ya ɗauke shi, da me zan zauna?"

Ana nan, wata rana da damina, dawa ta fi tsayin mutum, rana ta take tsaka matarsa ba ta komo daga gona ba. Yana zaune sai ya ji kamar muryarta can ƙasa-ƙasa tana kira, "Maigida!" Ya zabura ya ɗauki sanda ya faɗa cikin gonar. Iska tana kaɗa ganyen dawa, ƙarar ta cika masa kunne, ya rasa ta inda muryar take fitowa. Ya yi gabas, ya yi yamma, kunyar gona ta harɗe shi ya faɗi, ya tashi yana lalube yana kira, "Uwar Tabita! Ki yi magana in ji inda kike!" Sai kiran ya ɗauke, ya ji shiru.

Wata mata da take komowa daga kasuwa ta ji ihunsa, ta sauke kayanta ta shigo. Da ta iso sai ta ce, "Wayyo Baba, ai ga ta nan kwance kusa da ƙafarka!" Ashe zazzaɓi ne ya daɗe yana cin matar tana ɓoye masa, don kada gona ta lalace, ran nan kuwa ya kā da ita ta suma. Aka kira maƙwabta suka ɗauke ta zuwa gida.

Allah ya taimaka ta farfaɗo. Kwanakin da ta yi tana jinya, tsohon bai fita gindin ɗorawa ba. Yana zaune a bakin tabarmarta, hannunsa a kan goshinta. Da ta soma cin abinci sai ya ce mata, "Ina tsaye a kanki, ban gan ki ba. In kin samu ƙarfi, ki kai ni."

Da ta warware suka kama hanya da safe, tana riƙe da bakin sanda, yana biye. Tudun ya fi yadda yake faɗa wa mutane tsayi, ruwan rafin kuma ya fi yadda yake zato sanyi, gama bai taɓa taka hanyar da ƙafarsa ba.

Da aka shigar da shi gaban likitan, ya gaishe shi, ya yi sauri ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne tsohon mararraba. Mutane da yawa na aiko maka."

Likitan ya kama hannunsa ya zaunar da shi, ya ce, "Na san labarinka, Baba. Duk wanda ya biyo hanyar nan sai ya ambace ka, ni kuwa nakan tambaye su, shi yaushe zai zo? Amma waɗanda ka aiko, idanunsu na buɗe, ba naka ba. Yau dai bari mu yi maganar naka."

Sai tsohon ya ce, "Tsoro nake ji. Ka ji yadda jikina yake rawa."

Likitan ya ce, "Na ji. Rawar jikinka ba za ta hana hannuna aiki ba."

"To, me zan yi in taimake ka?"

"Babu kome. Ka kwanta, ka bar mini kanka."

Sai tsohon ya miƙa wa matarsa sandarsa, ya kwanta yana rawar jiki, ya sa kansa a tafin hannun likitan.

Bayan aiki aka naɗe masa idanu. Duhun da ya shiga ya fi na dā, ko ɗan hasken nan babu. Yakan ce wa matarsa, "Anya kuwa, Uwar Tabita?" Ita kuma takan ce, "Me ya ce maka?" Sai ya ce, "Ya ce aikin ya yi kyau." Ba shi da abin riƙewa sai wannan magana, ita kuwa ya riƙe.

Ranar da aka kwance masa, haske ya buge shi ya rufe ido, ya sāke buɗewa a hankali. Ya ga wata 'yar tsohuwa durƙushe a gabansa, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalinta, ta rame, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda riƙon fartanya. Ya daɗe yana kallonta, gama fuskar da ya ajiye a ransa ta shekarun baya ce.

Ya ce, "Uwar Tabita, ashe haka kika tsufa?"

Ta yi dariya hawaye yana zuba, ta ce, "Bari a ba ka madubi ka ga naka."

Ya kama hannuwanta yana jujjuya su. Da idanun suka yi ƙwari suka koma gida, kaka kuwa ta yi. Shi ya girbe dawar shekarar nan, ya zaunar da matarsa a inuwa ta huta.

Ma'anar wannan misali ita ce, likitan nan Ubangijinmu Yesu Almasihu ne, yanar idon kuma zunubi ne, wanda yake rufe mutum a hankali har ya saba da duhu. Tsohon kuwa mai yiwuwa ni ne, ko kai, ko ke, mu da muka girma a bakin ƙofar ikkilisiya.

Ku lura, tsohon nan ya san likitan. Bayan sani ma ya yarda likitan yana warkarwa, har yana yi masa shaida. Waɗannan abubuwa masu kyau ne, in ba tare da su ba da bai san inda zai nufa ba. Duk da haka makaho ne har ranar da ya kwanta. Haka mutum zai iya haddace labarin Yesu, ya yi waƙa a ƙungiya, ya koyar da yara, ya nuna wa waɗansu hanyar ceto daidai, alhali kuwa bai taɓa danƙa ransa a hannun Mai Ceto ba. Bangaskiya mai ceto ita ce ka daina tsayawa a kan cewa, "Yesu yana ceton mutane," ka zo ka ce, "Ya Yesu, ga ni, ka cece ni."

Ɗan hasken da tsohon yake gudun rasawa shi ne ɗan kirkin da muke taƙama da shi: ban taɓa sata ba, ba na fashin sujada, mahaifina dattijon ikkilisiya ne. Yana isa mu ji daɗin kanmu, amma a ranar da muke bukatar gani ba zai nuna mana ko abin da yake kusa da ƙafarmu ba. Ayyukanmu kuma ba su ne suke sa a karɓe mu ba. Girbin da tsohon ya yi, bayan an buɗe masa ido ya zo. Haka ayyukan kirki suke biyo bayan ceto, domin wanda ya samu gani ba zai iya kallon wahalar ɗan'uwansa ya zauna ba.

A wuri ɗaya misalin bai kai gaskiyar ba. Likitan bai ba da idanunsa domin tsohon ba, amma Yesu ya ba da ransa a kan gicciye domin zunubanmu, ya kuma tashi daga matattu. Wanda ya ƙaunace ka har haka ba zai cuce ka ba in ka kwanta a hannunsa.

Wataƙila akwai wanda yake cewa a ransa, "Bangaskiyata ba ta da ƙarfi, bari sai ta ƙaru." Ɗan'uwana, ba ƙarfin zuciyar tsohon ne ya buɗe idanunsa ba, hannun likitan ne. In kuma ka zo, daga baya ka ji kamar duhu ya ƙaru, ka riƙe abin da Yesu ya faɗa maka. Kada ka jira tsoro ya tafi tukuna. Ka zo da rawar jikinka, gama ya daɗe yana tambaya yaushe za ka zo.