Jirgin da Aka Gwada da Yashi

An ruwaito a littattafan magabata cewa an yi wani sarki mai suna Ɗayyabu, wanda birninsa ke bakin teku. Wata shekara mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki, ta yi niyyar aikin hajji tare da mutum saba'in. Lokaci ya ƙure, saura kwana biyar iskar da ke tura jirage gabas ta juya, ga shi Sarki ba shi da jirgin da zai ɗauke su.

Sai Waziri Hambali ya kawo wani baƙon attajiri mai tsohon jirgi na sayarwa. Sarki ya aiki Sarkin Jirgi, wani dattijo mai suna Mudi, ya je ya dubo shi.

Mudi ya tarar da jirgin fayau, babu kaya, cikinsa a bushe kamar rumbu. Ya shiga kwalekwale ya kewaya shi yana ƙwanƙwasa katako da 'yar guduma. Ko'ina amo mai kyau, sai wuri guda a gefen hagu, taki ɗaya sama da inda gansakuka ta tsaya, wato iyakar ruwa. Nan ƙusoshin sababbi ne, amma an shafa musu tsatsa. Ya daɗe yana kallon wurin, domin ya san irin wannan aiki.

Da ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada a saya sai an gwada shi da nauyi. A ba ni kwana biyu."

Waziri ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ni da kaina na shiga da takalmina na fito bai jiƙe ba. Sarkin Jirgi, anya ba kunnenka ne ya ruɓe ba, ka ɗora wa katako?"

Attajiri ya ce, "Akwai mai so a wani gari. Ba na jira."

Sarki ya dubi Mudi. "Kwana biyu cikin biyar kake nema, ga uwata ta tsufa, ba ta da tabbacin baɗi. Ka ga ruwa a ciki?"

"Ban gani ba."

"To, da me ka sani?"

Mudi yana da amsa, shekara talatin yana ɓoyonta, kuma ya san idan ta fito rawaninsa na iya binta. Ya tuna mutum saba'in, sai ya ce, "A yi mini izinin labari."

"An yi maka."

"An yi wani masassaƙi da maigidansa ya kawo masa jirgin da ya daki dutse, haƙarƙarinsa ya tsage. Ya ce masa, 'Ba gyara nake so ba, rufi nake so.' Masassaƙin ya cusa auduga da ƙaro, ya ɗora siririn katako a kai, ya jiƙa ƙusoshi da ruwan gishiri har suka yi kamar tsofaffi. Tsagar tana sama da ruwa muddin jirgi ba kaya, saboda haka duk mai dubawa ya gan shi a bushe. Wanda ya saya ya loda gero da mutum goma sha ɗaya. Jirgi ya nutsa taki biyu, tsaga ta shiga ruwa. Ba su kai tsibirin farko ba."

Waziri ya ce, "Tatsuniya ce. Wa ya ga masassaƙin?"

Mudi ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki. "Ga shi a gabanku. Ni ne."

Sai Sarki ya ce, "A loda masa yashi daidai nauyin mutum saba'in da guzurinsu. Baƙonmu kuwa ya zauna a ciki, tunda ya amince da kayansa."

Aka yi ta jidar buhuna tun hantsi. Kafin la'asar ruwa ya kai wa attajiri gwiwa, yana kururuwa a zo a fid da shi. Sarki ya sa aka farfasa jirgin don kada ya sake shiga kasuwa, aka kori mai shi daga ƙasar. Mai Babban Ɗaki ta rasa hajjin shekarar, ta ce ta gode Allah.

Sa'an nan Sarki ya ɗauki rawanin ya miƙa wa Mudi, ya ce, "Mutum saba'in sun maido maka da wannan. Goma sha ɗayan kuwa ba ni da ikon yafe maka su. Suna da magada."

An ce washegari aka ga dattijon yana bin unguwar masunta gida gida, yana sallama, yana faɗin abin da ya aikata. Wasu suka yafe, wasu suka rufe ƙofa. Ya ci gaba da duba jiragen garin har ya rasu, ba a kuma jin wanda ya nutse da aibi a ɓoye ba.

Masu ruwayar suka ce: abin da zai ɗauki rayuka, a gwada shi da nauyin da zai ɗauka, ba a yadda mai sayarwa ya nuna shi ba. Allah shi ne masanin abin da aka rufe.